Kwandon Baba Sallau

Unguwar Gawo, Bunkure
20 ga Fabrairu

Zuwa ga mahaifina Malam Iliyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ya ƙarfin jiki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ina gaida Yaya Hafsatu da maigidanta Malam Uba da yara.

Yaya ta ce in daina kiran waya ina cewa a kara maka a kunne, domin ranka yana ɓaci idan ka ji murya ka kasa mayar da amsa. Ta ce in riƙa rubutowa, Musbahu direba ya taho da takardar idan zai kai kaya kasuwar 'Yankaba, ita kuma ta karanta maka a hankali. Ta kuma ce in rubuta abin da zai faranta maka rai. Zan rubuta abin da na gani, Baba, don na san idan na ƙara gishiri za ka gane.

Sanyi ya sake mu. Yanzu ana iya sa ƙafa a ruwan kanal da safe ba tare da ta sandare ba. Amma ya bar ɓarna. Tun ranar da aka ɗauko ka daga bakin ruwa, lambu bai sha yadda ya kamata ba. Malam Jaji maƙwabcinka yakan buɗe masa ruwa idan ya samu sarari, sai dai shi ma yana fama da nasa. Attaruhu ya murɗe ganye, furensa ya zube. Tattasan gefen gabas, inda iska ke bugawa, ya bushe ƙurmus. Na gefen yamma yana tsaye amma ba ɗa. Tumatir ya nuna ya ruɓe a jikin uwarsa, ba wanda ya tsinka. Bana ko kwando ɗaya ba a fitar ba. Na tono saiwa na duba, ban ga alamar cuta ba. Sanyi ne da ƙishirwa.

Na tuge duk abin da ya mutu na ƙone. Na gyara fangali, na yashe 'yar hanyar ruwan da ciyawa ta toshe. Tafin hannuna duk ya yi bororo. Malam Jaji ya ce ina riƙe fartanya kamar mai shirin sa hannu a takarda. Na yafa alayyafo a fangalin da ke kusa da ruwa, kuɓewa kuma ina jira ƙasa ta ƙara ɗumi.

Akwai abu ɗaya da na yi da tunanin kaina, ina fatan zai yi maka daɗi. Ka san a Kano na tashi a hannun Yaya, ban iya aikin lambu ba, amma itace shi na karanta a jami'a. Na lura ɓarnar ta fi yawa a gabas saboda babu abin da ke tare iska. Sai na je Kura na samo dashen mangwaro da gwaba, na jera su a kan iyakar gabas, wajen da ya haɗa mu da gonar amininka Baba Sallau, na sa zogale a tsakaninsu. Idan suka tashi, sanyi ba zai sake yi mana irin ta bana ba, jikokinka kuma su sha mangwaro.

Allah Ya tashi kafaɗarka, ka dawo ka gani da idonka.

Ɗanka,
Jamaluddeen


Kano, ranar Laraba

Jamalu,

Salamu alaikum. Ya aiki, ya kaɗaici? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Binta tana gaishe ka, ta ce wai da gaske ne kawunta mai digiri yana shiga taɓo?

Na ce ka rubuta abin daɗi, ka aiko mini da jerin gawarwakin tattasai. Allah Ya sa na fara karantawa a zuci kafin in shiga wurinsa. Wajen tumatir na tsallake, kada ka ce ban faɗa maka ba. Da na zo kan alayyafo ya yi murmushi da ɓarin bakin da ke motsi, maganar Malam Jaji kuwa har dariya ta so ta kama shi.

Amma da na kai wajen itatuwanka, abin ya canza. Ni ina karantawa da murna, ina cewa ka ga auta ya yi abin kai, sai na ji ya damƙi wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya. Ya yi ta ƙoƙarin tashi, yana dukan katifa. Tun da ya kwanta ban ga ya yi haka ba. Da ƙyar ya fitar da kalma, sai da ya maimaita na gane kwando yake cewa. Can kuma ya ce Sallau. Daga nan ya juya fuska bango.

Ni dai a ganina kewa ce. Ka ambaci amininsa, ka ambaci lambu, shi kuma yana kwance a ɗakin suruki ana juya shi. Maganar kwando kuma wataƙila yana tsoron gara ta cinye masa kwandunansa, ka san shi da kayan aikinsa. Ka duba ɗakin ajiya ka ɗaga su sama. Ka kuma je ka gaida Baba Sallau, ka ce Baba yana ambatonsa.

Likita ya ce kada a bari jininsa ya sake hawa. Don haka idan akwai wata magana kada ka kira ni, gidan nan ƙarami ne, kunnensa kuma ya fi da ji. Ka rubuto, ka sa alama a bayan takardar in san tawa ce.

Ka riƙa cin abinci, kuma ka shafa man kaɗanya a hannun.

Yayarka,
Hafsatu


Unguwar Gawo
3 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum, ina wuni, ya mai jiki? Allah Ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi. Wannan taki ce ke kaɗai. Kada ki karanta wa Baba.

Na duba kwandunan, gara ba ta taɓa su ba. Akwai wani babba da aka rataye shi daban, tsoho, an ɗinke bakinsa da fata. Na bar shi inda yake.

Na je gaida Baba Sallau kamar yadda kika ce. Godiya, matar ɗansa Daniel, ta tare ni a ƙofa ta ce ya kwanta. Ina jin tarinsa da rediyonsa a cikin gida. Godiyar nan ita ce take aiko mini da kunu kullum tun da na zo, to kunun ya tsaya, kuma da na lissafa sai na ga ya tsaya ne a makon da na yi dashe. Malam Jaji ma ya tsaya a kan iyaka yana kallon mangwaron, ya ce, “Ɗan boko, tuta ka kafa ke nan?” Na tambaye shi me yake nufi, ya ce ba bakinsa ba ne zai faɗa.

Ranar Juma'a bayan masallaci Mai unguwa ya aiko kirana. Na tarar da Yaya Daniel zaune a zauren. Ya amsa gaisuwata kamar yadda ake amsa wa baƙo.

Yaya, lambun ba namu ba ne. Gonar Baba Sallau ce ta gado. Ya ba Baba aronta tun lokacin da aka kawo ruwan kanal, kafin a haife ni. Babu takarda, babu haya. Sharaɗin kawai shi ne wanda kowa a nan ya sani ban da ni: ba a dasa itace a gonar aro, domin wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce. Sannan kowace shekara Baba yana kai musu kwandon farko na abin da lambu ya bayar, kafin ya kai ko ɗaya kasuwa. Wannan kwandon shi ne shaidar cewa bai manta mai gona ba.

Bana kwando bai je ba. A maimakonsa sai suka wayi gari suka ga mangwaro a kan iyaka.

Daniel bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Ya ce, “Ubanka ya tsufa a wurin nan, ko tsinken zogale bai taɓa kafawa ba. Yana kwanciya ka zo mana da mangwaro. Idan kai ne a wurinmu, me za ka fahimta?” Ya ba da labarin wata gonarsu ta bayan kwalbati da suka ba wani aro. Mutumin ya rasu, 'ya'yansa suka nuna mangwaron da ya dasa, aka tsaya a gaban manya, gonar ta tafi. Mai unguwa ya tabbatar an yi haka. Daniel ya ce shi ma yana da yara, ba zai jira a maimaita ba. Kafin ruwan sama ya sauka za su karɓi gonarsu su zuba shinkafa.

Na ce wallahi ban sani ba. Na yi bayanin iska, na ce ɓarnar ta fi yawa a gabas, har na fara faɗin tsawon da itacen zai yi. Daniel ya ce ya yarda ban sani ba, amma itacen da aka dasa da sani da wanda aka dasa ba sani duk saiwa ɗaya suke yi.

Mai unguwa ya ce shi ba shi da abin yankewa. Waɗanda suka shaida aron duk sun rasu, saura mutum biyu da suka ƙulla shi. Ɗaya ba ya iya magana, ɗaya ya ƙi fitowa.

Yanzu na gane abin da Baba yake ta ƙoƙarin faɗa miki. Yana kwance yana ji ana karanta masa yadda na rushe abin da ya riƙe tun kafin a haife ni, kuma ana karantawa da murna. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Ke kin sani? Ki gaya mini gaskiya. Kuma ki gaya mini abin da zan yi, don na juya maganar ta kowane gefe ban ga ƙofa ba.

Ƙaninki,
Jamaluddeen


Kano, ranar Lahadi

Jamalu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni a kicin, tuwo ya kusa ƙonewa.

Ban sani ba. Ko in ce na sani ban san na sani ba. Kwandon nan mai bakin fata ni nake ɗaukarsa ina yarinya, Inna tana gaba ina biye, har gidan Baba Sallau. Matarsa, Allah Ya ji ƙanta, ta cika mini zani da gyaɗa. Washegari a dawo da kwandon da ɗan ƙwan zabi ko daddawa a ciki. Ni na ɗauka zumunci ne kawai, kamar yadda muke kai musu naman layya su kawo mana shinkafar Kirsimeti. Ban taɓa jin Baba ya ce aro ba, ban taɓa jin Baba Sallau ya ce gonata ba. Kunyar juna suke ji, ga shi ta bar mu a duhu.

Na kasa riƙewa. Na shiga na zauna kusa da shi na ce, “Baba, lambun nan aro ne?” Ya rufe ido, hawaye ya bi ta gefen kunnensa. Ban gaya masa zancen Daniel ba, amma ba yaro ba ne. Tun daga ranar abinci sai an yi ta lallashi, cokali kaɗan ya kau da kai.

Ka san abin da ke tsorata ni? Mai gasa masa jiki a asibiti, idan ta ce ya ɗaga hannu ba ya ko motsi. Ranar nan ta ce, “Baba, wa zai riƙe maka fartanya?” sai ga shi yana yunƙuri har gumi ya karyo masa. Lambun nan shi ne abin da yake ƙoƙarin tashi dominsa. Idan aka ce masa babu shi, ban san da me zan lallashe shi ba.

Malam Uba ya ce a nemi lauya, tunda an daɗe ana noma wurin. Na ce ya rufa mana asiri. Ranar da Baba ya ji an kai Sallau ƙara, ranar za mu yi masa sutura.

Ga abin da za ka yi, kuma kada ka tsaya yi mini nazari. Ka tuge itatuwan nan yau. Ka ɗauki kwandon ka hau mota zuwa kasuwar Kwanar Gafan, ka cika shi da tumatir mafi kyau da ka gani, ka kai gidan Baba Sallau ka durƙusa. Ka ce an makara ne saboda ciwo. Tumatir ba ya da suna a goshi.

Ka yi sauri, Jamalu. Allah Ya dafa maka.

Yayarka,
Hafsatu


Unguwar Gawo
24 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya jikin Baba? Ki yi haƙuri da shirun da na yi da kuma kiranki da ban ɗaga ba. Ba ni da abin faɗa ne. Wannan ma taki ce.

Na je Kwanar Gafan da kwandon kamar yadda kika ce. Na zaɓi tumatir, har mai shi ya fara zubawa, na ce ya dakata. Na dawo da kwandon babu komai. Na san za ki yi faɗa, amma ki saurare ni. Kowa a garin nan ya bi ta lambun ya ga abin da sanyi ya yi masa. Baba Sallau ma gonarsa tana jikin tamu. Kwandon nan cewa yake yi, ga abin da ƙasarka ta bayar. Idan na cika shi da na kasuwa, abu na farko da na taɓa kai masa da hannuna ya zama ƙarya, a daidai lokacin da nake roƙon ya yarda da maganata. Wataƙila kuskure na sake yi. Ban sani ba.

Itatuwan na cire su. Sun riga sun kama, mangwaron har ya fitar da sabon ganye ja. Na kasa fizge su, sai na haƙa kowanne da ƙasarsa na naɗe saiwar da buhu na ajiye a inuwa ina yayyafa musu ruwa. Daga nan babu abin yi sai jiran alayyafo. Kullum ina zuwa ina tsugunawa a gabansa kamar zan ja shi ya yi tsawo. A cikin kwanakin nan Daniel ya zo da wani mai tarakta suka zagaya lambun suna nuna kusurwoyi. Ina tsaye da tiyo a hannu. Sun yi mini sannu da aiki.

Shekaranjiya alayyafon ya isa yanka. Na yanke na fangalin farko duka, na wanke, na ɗaure. Da na zuba a kwandon, ƙasansa kawai ya rufe. Na ɗauko dashen na jera a kai, na ɗora a ka na ratsa gari. Ban iya ɗaukar kaya a ka ba, hannu biyu na riƙe shi. Matan da ke bakin famfo suka yi ta dariya, wata ta ce ango ya yi ɓatan hanya da lefe.

Na samu Baba Sallau a ƙofar gida yana tufka igiya, Daniel yana gefe yana gyaran babur. Wannan karon babu damar a ce ya kwanta. Na durƙusa na sauke. Na ce ga abin da gonarsa ta bayar bana, ga kuma itacen da na dasa a ƙasarsa ban nemi izini ba, nasa ne, ya yi yadda ya ga dama da su.

Ya daɗe yana kallon cikin kwandon. Ya sa hannu ya ɗaga alayyafon ya ga babu komai a ƙarƙashi. Ya ce, “Iyakar abin da ta bayar ke nan?” Na ce iyakarsa ke nan, Baba.

Sai ya tambaye ni jikin Baba. Na san abin da ake cewa, da sauƙi ake cewa. Na buɗe baki in faɗa, sai na ji na ce hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, ba ya cin abinci sosai, kuma tun da ya kwanta kalma biyu aka ji daga bakinsa, kwando da Sallau.

Ya koma kan igiyarsa, amma na ga hannun ba tufka yake yi ba, riƙe ta kawai ya yi. Daniel ne ya yi magana, ya ce sun gode, amma ya riga ya yi magana da mai tarakta, kuma shi ba ya mayar da magana. Godiya ta fito ta ɗauki kwandon ta shiga da shi. Ba ta kalle ni ba.

Kin ce washegari ake dawo da shi. Jiya na wuni a gida ban je ko'ina ba, duk motsin da na ji a ƙofa sai na leƙa. Yau ma haka. Ba a dawo da shi ba. Na tambayi Malam Jaji ko an taɓa yin haka, ya ce shi dai a saninsa bai taɓa kwana biyu a can ba, sannan ya ce in yi haƙuri.

Na shuka kuɓewar, don ƙasa ta yi ɗumi kuma irin yana hannuna. Ina ba ta ruwa. Ban san wa nake ba wa ba. Idan Baba ya tambaya da ido, ban san abin da za ki ce masa ba, ni ma ba ni da abin da zan ba ki ki faɗa.

Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Jamaluddeen


Kano, ranar Alhamis

Jamalu,

Salamu alaikum. Da na karanta takardarka na yi niyyar in rubuto maka zagi shafi biyu. Allah Ya taimake ka ban samu biro ba.

Jiya da hantsi ina wanki na ji Musbahu yana sallama, na ce ya ajiye takardar a zaure. Ya ce ba takarda ba ce, mutum ne. Ina fitowa na ga Baba Sallau tsaye da sandarsa, rungume da kwandon nan. Musbahu ya ce tun daga Bunkure a cinyarsa ya riƙe shi, ya hana a sa a baya da kaya. Ya tsufa, Jamalu. Ban san ya tsufa haka ba. Sai da muka riƙe shi ya hau dakalin ƙofa.

Na kawo kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa kusa da katifar. Suka yi ta kallon juna. Can ya ce, “Iliyasu, ka zo birni ka miƙe ƙafa, ka bar yaro yana dasa mini daji.” Baba ya fara wani sauti, na rasa dariya ce ko kuka, ina jin duka biyun ne. Baba Sallau ya ce wai ka kai masa alayyafon da ko akuya ba zai ƙosar ba, amma Godiya ta yi miya da shi, kuma ya ci. Ya yi ta ba shi labarin gari, wanda ya rasu, wanda ya aurar, yadda sanyi ya kashe wa Malam Jaji kankana. Baba yana ta riƙe da gefen rigarsa.

Da zai tashi ne ya yi maganar. Zan rubuta maka ita yadda ya faɗa, tunda kai ba ka son a rage ko a ƙara. Ya ce, “Ni na ba da aron nan, ba Daniel ba. Kuma kai na ba, ba ɗanka ba. Muddin ina numfashi kana numfashi, gonar tana hannunka. Bayan nan ba ni da baki. Yaran da muka haifa su san yadda za su yi da juna.”

A zaure ya ce mini an yi ta gardama a gidansa kafin ya taho, Daniel bai ji daɗi ba, kuma kada mu ga laifinsa, tsoron da yake ji ba na banza ba ne. Ya ce mai tarakta zai nemi wani wurin bana. Bana ya ce, na ji da kunnena. Itatuwanka kuma ya sa an dasa su a bayan gidansa. Gwaba ɗaya ta mutu. Ya ce ka zo ka duba sauran, tunda an ce itace ka karanta.

A cikin kwandon akwai ƙwan zabi da daddawa. Na dafa wa Baba ƙwai biyu ya cinye, ya sha kunu.

Ban san ko murna zan yi ba. Ina tsaye a ƙofa ina kallonsu, ɗaya a kwance, ɗaya yana haki don ya taka dakali, na ce a raina yanzu a kan numfashin waɗannan biyun lambun yake tsaye. Hannun daman Baba har yanzu bai motsa ba. Likita ya ce a ci gaba da magani, bai ce komai bayan wannan ba.

Na so in ba Musbahu kwandon ya kawo maka, Baba ya sa hannu ya riƙe bakinsa. Yana nan gefen katifa. Ka rubuto masa. Wannan karon ba zan tsallake ko layi ɗaya ba.

Yayarka,
Hafsatu


Unguwar Gawo
2 ga Afrilu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, ya ƙarfin jiki? Allah Ya ƙara lafiya.

Kuɓewa ta fito, sai fangali ɗaya da ya yi gibi, na sake shukawa. Alayyafo ya sake tohowa. Ramukan iyakar gabas na cike su na daidaita ƙasar. Idan sanyi ya matso zan yi shinge da karan dawa, shi ba ya saiwa.

Na je na duba mangwaron a bayan gidan Baba Sallau, sun kama. Yaya Daniel ya amsa gaisuwata. Bai ƙara komai ba, ni ma ban ƙara ba.

Idan kuɓewa ta isa tsinka, zan aiko Musbahu ya karɓo kwandon, idan ka yarda ka sake shi.

Ka sha maganinka, Baba. Ka ci abinci.

Ɗanka,
Jamaluddeen